Kuɗin furojet ɗinmu kaɗan ne, kamara za mu saya ko makirfo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ni ɗaliba ce ajin ƙarshe a sashen koyon aikin jarida nan Kano, an ba mu furojet mu yi gajeren fim na minti 10, mu biyar ne kuma mun yi karo-karo amma kuɗin ba wani na a zo a gani ba ne. Mazan cikinmu sun dage sai mun zuba duka a kamara mai 4K (mai ɗaukar hoto tas sosai), ni kuma hankalina bai kwanta ba. Dan Allah me za mu fara saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, gaskiya kin fi su hango nesa. Malami zai haƙura ya kalli hoton da bai yi tas ba, amma in magana ba ta fita, janareta na ruri, adaidaita na hon a bayan mai magana, wallahi ko kamarar miliyan nawa kuka ɗauka da ita makinku ya zube. Don haka ku fara ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don sauti tun kafin ku je kasuwa, in ba haka ba kamara ce za ta cinye komai.

Ku nemi ƙaramar rikoda irin Zoom H1n, sai makirfon maƙalawa a riga kamar Boya BY-M1 mai wayar mita 6, yana aiki da wayar hannu yana aiki da kamara. Makirfo dai kusa da baki yake so, in kuka bar shi a kan kamara can nesa to ƙarar ɗaki kawai zai kwaso muku. Ku ba mutum ɗaya wannan aikin kaɗai, ya sa iyafis a kunne yana saurare, shi ne zai ce a tsaya in an kira sallah ko an tayar da inji a maƙwabta. In a waje za ku yi ɗauka lokacin hunturu kar ku manta da gashin nan da ake sa wa makirfo saboda iska. Kuma duk ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara, da wannan tafin za ku haɗa sauti da hoto wajen editin.

Kamara kuwa, ki fara tambaya a sashenku ko suna ba da aro, ko ku je wajen 'yan fim a Zoo Road ku yi haya ta kwana biyu, sau da yawa ya fi saye sauƙi. In dole sai kun saya to ta hannu ta wadatar, Canon 600D ta 2011 ko 700D ta 2013 duk suna ɗaukar 1080p (hoto mai kyau da bai kai 4K ba) kuma suna da ramin makirfo, sai dai ba su da na iyafis, shi ya sa na ce rikoda daban. Sony a6000 tana da kyau amma ba ta da ramin makirfon nan na 3.5mm, ku kula. Kafin ku biya ku ɗauki bidiyo nan take a shagon, ku haska farin bango ku duba ko akwai ɗigo-ɗigo, ku leƙa cikin lens ko ya yi fumfuna. 4K ɗin nan da mazan ke so memori zai ci, kuma laftof ɗin ɗalibi sai ta yi ta tsayawa.

Ragowar kuɗin ku sayi tirayfod (ƙafar ɗora kamara), batir LP-E8 na Canon ɗin nan guda biyu don ɗaya ba zai kai ku yamma ba, da memori Class 10 na asali, jabu sun yi yawa. Ku saita kamara a 25fps (hoto 25 a sakan ɗaya) da saurin shota 1/50 tunda wutarmu 50Hz ce, sai ƙwan lantarki ya daina rawa a hoto. Editin kuma furogiram ɗin DaVinci Resolve akwai na kyauta, in ya yi wa laftof ɗin nauyi ku koma CapCut. Allah ya ba da sa'a ƙanwata.