Amsa: Wane katin netwok mai sauri zan saya ba tare da na kashe kuɗi da yawa ba?

Wa alaikumus salam. Malam, in na fahimce ka, kana da kwamfutar tebur da wata da ka mayar rumbun ajiyar fayiloli, in ka kwafi bidiyo tsakaninsu gudun ba ya wuce megabait 110 a daƙiƙa, sai ka ga ana tallar katin netwok Intel X540 ɗan gwanjo mai gigabit 10 da arha, kana tambaya ko ka saya. Ka ɗan riƙe kuɗinka tukuna.

Wannan 110 ɗin ba lalacewa ba ce, iyakar gigabit 1 ke nan. Gigabit 1 megabit 1000 ce, bait ɗaya kuma bit takwas ne. Raba megabit 1000 gida takwas, ka sami megabait 125, a cire abin da tsarin aika bayanai ke ci, abin da zai rage bai wuce 112 zuwa 118 ba. To amma katin shi ne mafi arha a cikin abin da za ka canza, kuma gudun da za ka samu na abin da ya fi rauni ne a kan hanyar. Fara da duba inda fayilolin suke. Faifan ajiya mai juyawa guda ɗaya yana ba da megabait 150 zuwa 250 ne. SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, mai mahaɗin SATA yana tsayawa wajen 550. Gigabit 10 kuwa tana ɗaukar sama da 1,100, wanda sai SSD mai sauri da ake kira NVMe ko faifai da yawa da aka haɗa wuri ɗaya ke iya cikawa. In rumbunka faifai ɗaya ne ko biyu masu juyawa, gigabit 10 rijiya ce ka haƙa don cika kofi.

Shi ya sa ga yawancin mutane gigabit 2.5 ce ta fi dacewa. An tsara ta a 2016 musamman don ta yi aiki a kan kebul ɗin Cat5e da ke shimfiɗe tuni, har mita 100, kuma tana ba da megabait 280 da ɗoriya. Kada sunan kamfanin da ke jikin kwali ya ɗauke maka hankali, cif ɗin da ke kan katin za ka tambaya, domin kamfanoni barkatai cif iri ɗaya suke saye su manna sunansu. Katuna masu arha da ake sokawa a ramin PCIe na cikin kwamfuta kusan duk cif ɗin Realtek RTL8125 ne a kansu, layi ɗaya kawai na ramin yake buƙata (layi shi ne hanyar da bayanai ke bi tsakanin katin da kwamfutar), ba ya zafi, yana aiki lafiya a Windows da Linux. Inda yake ba da ciwon kai shi ne tsarin sarrafa kwamfuta da aka gina kan FreeBSD, irin pfSense da OPNsense da TrueNAS Core. A can Intel za ka nema. A Intel ɗin ma ka guji I225-V na farko-farko, ya yi suna wajen yanke haɗi, sai a fitowa ta uku, B3, aka gyara. I226-V ya fi shi, in shi ma ya riƙa yankewa, shiga saitin direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ka kashe Energy Efficient Ethernet, sau da yawa nan matsalar take.

Mai laftof kuma adaftar USB mai cif RTL8156 zai nema. Abin lura shi ne ramin da za a soka ta. USB 2.0 megabit 480 ce iyakarta, ba ta ko kai gigabit 1 ba, kuma ba kowane ramin USB-C ne mai sauri ba, akwai masu siffar C amma cikinsu 2.0 ne. USB 3.0 da aka rubuta wa gigabit 5 a zahiri uku da 'yan kai take bayarwa: ta ishi 2.5, amma adaftar gigabit 5 ba za ta cika a kanta ba. Ana samun gigabit 10 a laftof ta ramin Thunderbolt ko USB4, amma wannan ba ya cikin sahun masu arha.

Yanzu X540 ɗin da ka gani. Kati ne mai kyau a inda aka yi shi domin ya zauna, wato cikin saba, irin kwamfutar cibiyoyin ajiyar bayanai, mai fankoki da ke hura iska ba dare ba rana. Yana cin sama da wat 10, ƙarfen sanyayawar da ke kansa kuma yawanci ba shi da fanka. Ka sa shi a kwamfutar gida da iska ba ta ratsa wurin, bayan 'yan mintoci na kwafi ba za ka iya ɗora yatsa a kansa ba, sai haɗin ya ɗauke, ko katin ya ɓace gaba ɗaya sai an kashe an kunna. Maganin ƙaramar fanka ce mai milimita 40 a ɗaure ta a kan ƙarfen, a kuma canza man sanyayawar da ya bushe. Matsala ta biyu ta fi wannan: X540 megabit 100 da gigabit 1 da gigabit 10 kaɗai ya sani. Ka haɗa shi da suwic ko rawuta (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci a netwok) mai gigabit 2.5, sai su daidaita a gigabit 1, ka koma gidan jiya. In lallai kana son ramin RJ45, wato ramin kebul ɗin netwok na yau da kullum, mai jin duk matakan gudu, X550 ne, ko kati mai cif Aquantia AQC107 ko AQC113, kamfanin da Marvell ya saye a 2019. Kebul kuma Cat6a ne ke kai mita 100 a gigabit 10. Cat6 iyakarsa wajen mita 55.

A ganina, in injinan biyu ɗaki ɗaya suke, ka bar RJ45 ka koma SFP+, wani irin ramin netwok da ake soka wa kan faiba ko kebul na musamman. Manyan cibiyoyin ajiyar bayanai sun sauke waɗannan katunan da yawa, shi ya sa suka cika kasuwar gwanjo. Mellanox ConnectX-3 mai ramin SFP+ ɗaya, lambarsa MCX311A, layi huɗu yake so, wutarsa kaɗan ce, ba ya ɗaukar zafin X540. Ka sayi biyu, ka haɗa su da kebul ɗin DAC, wanda tagulla ne da kawunan SFP+ a manne tun daga masana'anta, yana zuwa mita 1, 2, 3, 5. Ba ka buƙatar suwic ko kaɗan. Ka ba ɗaya adireshi 10.10.10.1, ɗayan 10.10.10.2, mask 255.255.255.0, ka bar wurin gateway ba komai, intanet ta ci gaba da bin tsohon ramin. Sannan ka riƙa buɗe rumbun da sabon adireshin, ba da sunansa ba, in ba haka ba kwamfutar na iya bin tsohuwar hanya ka yi ta mamakin me ya sa ba abin da ya canza. In nisan ya wuce na DAC, sai faiba: kawunan SR biyu da igiyar OM3, tana kai mita 300.

Ko nan akwai ramuka. Intel X520 yana ƙin kawunan faiba da ba na Intel ba; a Linux ana lallaɓa shi da allow_unsupported_sfp=1 a direban ixgbe, amma DAC yawanci yana karɓa ba gardama. ConnectX-3 ya tsufa, ESXi 8, wani tsarin sarrafa saba, ta daina tallafa masa, don haka mai wannan tsarin ya nemi ConnectX-4 Lx, wanda har gigabit 25 yake yi kuma yana sauka zuwa 10. Wasu katunan Mellanox masu alamar VPI suna zuwa a saite kan InfiniBand, wani tsarin haɗi na daban, sai ka juya su zuwa Ethernet, tsarin netwok na yau da kullum, kafin su yi magana. Kawunan da ke mayar da SFP+ zuwa RJ45 kuwa zafi ne da su sosai, yawancinsu mita 30 ne iyakarsu, na fita kunya ne kawai.

Kafin ka yi oda, buɗe kwamfutar ka duba ramin PCIe, ka kuma karanta littafin madabod ɗin, wato babban allon da ramukan ke kansa. Tsawon rami ba shi ne yawan layukansa ba. Akwai dogon rami mai kama da x16 amma layi huɗu ko ɗaya aka jona masa. Layi ɗaya na PCIe 2.0 megabait 500 yake ɗauka, na 3.0 wajen 985, na 4.0 ninkin haka, gigabit 10 kuma tana son 1,250. Ke nan X520, da yake 2.0 ne, a rami mai layi ɗaya ko rabin gudunsa ba zai yi ba, a layi huɗu kuwa ramin SFP+ ɗaya zai iya cikawa. A wasu madabod, da ka cika rami na biyu sai katin hoto ya sauka daga layi 16 zuwa 8, ko ramin ya mutu in an sa SSD a wani ramin M.2 da suke raba layi da shi. Duba kuma ƙarfen ɗaurewa: na saba sau da yawa gajere ne, akwatin tebur dogo yake so, ka ce a haɗo maka da duka biyun. Sannan ka kalli hoton da kyau. Katunan FlexibleLOM na HP da na OCP suna da arha ƙwarai saboda ba sa shiga ramin PCIe na yau da kullum sai da wata adafta. Wasu katunan da aka ciro daga sabar Dell ko HP kuma kan hana kwamfuta tashi. Rufe fil na B5 da B6 da siririn tef yana warware wannan, domin ta nan suke rikici da SMBus, wata ƙaramar hanyar sadarwa ta madabod.

Da kayan sun iso, kada ka gwada da kwafin fayil, domin ba za ka san ko katin ne ko faifan ba. Sa iperf3, manhajar auna gudun netwok, a injinan biyu, ɗaya ka buga iperf3 -s, ɗayan iperf3 -c da adireshin na farkon, ka ƙara -P 4 don ya buɗe hanyoyi huɗu. Lafiyayyen 2.5 zai nuna wajen 2.35, na 10 wajen 9.4. Bar shi ya yi minti goma zuwa sha biyar a jere, a nan ne mai zafi ke tona kansa, tun kana da damar mayar wa mai shi. In gudun ya tsaya a gigabit 3 ko 6, buga umarnin lspci -vv a Linux, layin LnkSta zai gaya maka layuka nawa katin ya samu. In ka ga haɗin RJ45 ya sauka zuwa megabit 100, kebul ne: daga gigabit zuwa sama duk wayoyi takwas ake amfani da su, guda ɗaya ta tsinke ko ba a matse kanta da kyau ba, shi ke nan. Kebul mai alamar CCA, alminiyon da aka shafa wa tagulla, shi ma yakan jawo haka, ka nemi tagulla zalla. MTU 9000 kuwa, wato ƙara girman ƙunshin bayanan da ake aikawa daga bait 1500 da aka saba zuwa 9000, kada ka taɓa shi sai komai ya zauna daram, in za ka sa kuma ka sa a kowane ɓangare har da suwic, domin in ɗaya ya rage a 1500 ping, ɗan saƙon gwajin haɗi, zai wuce lafiya amma kwafin manyan fayiloli ya riƙa maƙalewa.