Filin Tambaya da Amsa: Sunayen Sarauta da Alamomin Mulki

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, kuma ina yawan jin sunaye irin su Galadima da Madaki da Ciroma da Waziri. Shin dukansu Hausa ne, kuma wanne ne ya fi girma a cikinsu?

Amsa: Ɗana, ba dukansu aka haifa a ƙasar Hausa ba, ko da yake dukansu sun daɗe da zama 'yan gida. Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla daga Barno suka shigo, a zamanin da daular Barno take da ƙarfi har sarakunan Hausa suna koyi da tsarin fadarta. A can Galadima shi ne mai kula da yammacin ƙasar, yana zaune a Nguru, Ciroma kuwa sarauta ce ta ɗan sarki wanda ake sa ran zai gaji ubansa. Waziri daga Larabci ya zo, kuma ya yi ƙarfi ne bayan jihadin 1804, musamman a Sakkwato, inda Giɗaɗo ɗan Laima ya riƙe wazirci a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, gidansa kuma ya ci gaba da riƙe sarautar, har ta kai ga Waziri Junaidu, masanin tarihin da ya rasu a 1997. Madaki shi ne Bahaushe tsantsa a cikin huɗun da ka ambata, domin asalinsa Madawaki ne, wato shugaban mayaƙan da ke kan dawakai, kuma a Katsina Ƙaura ne yake da wannan matsayi na jagoran yaƙi.

Batun wanda ya fi girma kuwa ba shi da amsa guda, kuma a nan ne masu rubutu da yawa suke yin kuskure, suna ɗaukar tsarin masarauta ɗaya su ɗora wa sauran. Kowace fada da jerinta. A Kano masu zaɓen sarki huɗu ne, wato Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma kowace sarauta tana da gidan da ake ɗauko mai riƙe ta: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa. Galadiman Kano ɗan sarki ne, yana cikin waɗanda ake iya zaɓa, saboda haka ba ya zaɓe. Amma ka je Katsina za ka tarar Galadima yana cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da 'Yanɗaka da Durɓi. Suna ɗaya ne, aiki ya bambanta.

Abin da ya fi taimaka wa mai nazari shi ne ya tambayi ko wane irin mutum ake bai wa sarautar. Akwai ta 'ya'yan sarki, kamar Ciroma da Wambai da Ɗan Iya da Tafida a Kano. Akwai ta bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama da Kilishi, kuma kada kalmar bawa ta sa ka raina su, domin su ne suka fi kowa kusa da sarki: Sallama ne yake yi wa baƙo iso, Kilishi ne yake kula da shimfiɗar da sarki zai zauna a kai. Akwai ta sana'a, Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska, waɗanda ta hannunsu fada take magana da masu sana'ar. Mata ma suna da nasu, kamar Magajiya a Daura da Inna a Gobir. Ina ganin wanda ya riƙe wannan rabo ba zai ruɗe ba ko da ya ji sunan da bai taɓa ji ba.

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Maraɗi. Yara suna tambayata sunan hoton nan da ke kan fasfo da takardun gwamnati da kuma ma'anarsa. Sannan sarakunanmu na gargajiya suna da irinsa?

Amsa: Malama, sunan da ya fi yaɗuwa shi ne tambarin ƙasa. Sai dai ki lura wa yaran cewa tambari a fada ganga ce ta sarauta, hatimi kuma shi ne abin da ake buga wa takarda domin a tabbatar daga wurin wa ta fito, kamar yadda sarakunanmu suke buga nasu a kan wasiƙu tun kafin zuwan Turawa.

Al'adar zana alama a kan garkuwa daga Turai take. Ta kafu a ƙarni na 12, lokacin da barde yake rufe fuskarsa da kwalkwali, sai ya zamana ana gane shi ta launi da hoton da ke kan garkuwarsa, daga baya kuma alamar ta zama gadon gida, ɗa ya karɓa daga uba. A Ingila har hukuma aka kafa a 1484 domin rajistar waɗannan alamomi, kuma tana nan a Landan har yau. Wannan ne ya sa tambarin ƙasashe da yawa yake da garkuwa a tsakiya, da abin da ke riƙe da ita a gefe biyu, da taken da aka rubuta a ƙasa. Garkuwar Nijar tana ɗauke da rana a tsakiya, da mashi tare da takubba biyu irin na Abzinawa, da zangarniyar gero uku, da kan sa, an kuma kewaye ta da tutocin ƙasar. Ta Nijeriya baƙa ce, alamar ƙasa mai albarkar noma, da farin layi mai rassa biyu da ke nuna haɗuwar kogin Neja da na Binuwai a Lakwaja, fararen dawakai biyu suna riƙe da ita, jan gaggafa kuma yana tsaye a samanta.

Sarakunan Hausa ba su bi wannan hanya ba. Alamominsu abubuwa ne da ake riƙewa da sawa da kaɗawa, kuma idan kika tsaya a gefen hanya ranar hawan Sallah a Kano za ki karanta su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ki hangi sarki za ki ji kakaki, dogon ƙahon ƙarfen da ba a busa wa talaka komai dukiyarsa. Sannan ga dogarai cikin ja da kore, ga laima ana juya ta a kansa, ga figini na gashin jimina ana yi masa fifita, ga tagwayen masu a hannunsa, ga rawani mai kunne biyu da amawali ya rufe baki, ga alkyabba a kafaɗa. Tarihin Kano ya danganta kakaki da figini da takalmin gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ke nan yaran da suke kallon hawa suna ganin abin da ya haura shekara 500. Katsina tana da takobin nan da ake kira Gajere, wanda ake dangantawa da Sarki Korau. Bayan jihadi sai tuta ta shigo cikin manyan alamomi, domin wanda Shehu Usmanu ya bai wa tuta, kamar Yakubu na Bauchi da Buba Yero na Gwambe da Modibbo Adama, shi ne aka yarda ya kafa masarauta. Sandar girma ita ce ta baya-bayan nan, Turawan mulkin mallaka na Ingila ne suka kawo ta suna raba sarakuna daraja-daraja, yanzu kuma gwamna ne yake miƙa ta ranar bikin naɗi.

Abin da ya fi kama da tambarin da ake zanawa shi ne dagin Arewa, wanda magina suke fitarwa a jikin soro, maɗinka kuma suke ɗinkawa a kan babbar riga, amma shi ba mallakar gida ɗaya ba ne. Kuma tunda a Maraɗi kike, ki nuna wa yaran cewa ana kiran sarkinsu Sarkin Katsina ne saboda gidan sarautar Katsina na dā can ya koma bayan jihadi, ya tafi da sunansa da sarautun fadarsa.

Tambaya: Ana cewa Sa Ahmadu Bello Sardauna da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shin Sa da Tafawa Ɓalewa su ma sarautu ne?

Amsa: Tafawa Ɓalewa sunan garinsu ne a jihar Bauchi, ba sarauta ba ce. Sardauna sarauta ce ta Sakkwato mai asali da yaƙi, kuma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne ya naɗa Ahmadu Bello a 1938. Sa kuwa lambar girma ce ta masarautar Ingila, wadda Sardauna ya samu a 1959, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1960. Ba ta zuwa da ƙasa ko talakawa, kuma irin wadda aka ba su ba a gadonta. Ana haɗa ta da sunan yanka ko da cikakken suna, saboda haka daidai ne a ce Sa Ahmadu ko Sa Ahmadu Bello, amma kuskure ne a ce Sa Bello ko Sa Sardauna.