Na shiga macin Pride a Landan, hoto ya kai gida: za a kama ni in na dawo?

Wani ɗalibi ɗan Kano da ke digiri na biyu a Ingila ne ya turo tambayar. Ya bi abokan karatunsa macin Pride na masu neman daidaiton 'yancin masu neman jinsi, wata ta ɗora hoton a Facebook, kafin kwana biyu ya shiga guruf ɗin dangi na WhatsApp. Bizarsa ta kusa ƙarewa.

To ƙanina, ka kwantar da hankalinka tukuna. A Ingila dai baka yi laifin komai ba, tun 1972 ake wannan maci a Landan, 'yan sanda ne ma ke tsare hanya, kuma dokar daidaito ta 2010 ta hana makaranta ko wurin aiki su tsangwame ka a kan haka.

A Najeriya kuma dokar da kake jin tsoro ita ce ta hana auren jinsi wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014. Sashe na 4 ya haramta ƙungiyoyi da taruka da jerin gwano irin wannan, sashe na 5 ya yanka shekara 14 ga wanda ya yi auren, shekara 10 ga wanda ya shiga ƙungiyar ko ya mara wa taron baya. Amma in ka karanta inda aka yi maganar taro da jerin gwano zaka ga an ce "a Najeriya", kuma a ƙa'ida dokar laifi bata tsallaka iyaka sai in ita ta faɗa da bakinta. Dan haka a fahimtata tafiya a titin Landan ba abu bane da mai gabatar da ƙara zai iya tsayawa da shi gaban alƙali. Dokar Penal Code da ta shari'ar Musulunci a jihohi 12 na Arewa su kuma aikatawa suke hukuntawa, hoton mutum riƙe da tuta ba hujjar aikatawa bace.

Sai dai fa ba zan ɓoye maka ba, takarda daban ƙasa daban. Mutum 47 da aka gurfanar a Legas kan zargin neman jinsi bayan an kama su a wani otal a 2018, sai Oktoban 2020 kotu ta kori ƙarar saboda masu ƙara sun kasa kawo shaidu, alhali an riga an nuna fuskokinsu a talabijin. A Kano Hisbah ta kama mutum 19 a Disamban 2022 kan zargin bikin auren jinsi. Ni abin da yafi damuna a lamarinka ba filin jirgi bane, unguwa ce, da masu karɓar kuɗi da barazanar tona asiri.

Maganar neman mafaka kuwa, baka faɗa min ko kai ɗin mai neman jinsi bane ko rakiya kawai kayi, kuma ba dole ka faɗa min ba, amma lauyanka na can dole yaji gaskiya. Kotun ƙolin Birtaniya ta yanke a 2010, a shari'ar wani ɗan Iran da wani ɗan Kamaru, cewa ba za a mayar da mutum gida a ce ya je ya ɓoye kansa don ya tsira ba. Ko wanda ake yi wa kallon hakan alhali ba haka yake ba, shi ma zai iya nema, in barazanar ta gaske ce. Amma hoton maci shi kaɗai baya wadatarwa, jami'an Birtaniya masu duba neman mafaka za su yi maka tambayoyi na awanni, jinkirin nema yana rage maka daraja a idonsu, ƙarya kuma in suka gano ta laifi ce da zata bi ka duk bizar da zaka nema nan gaba. Sannan wanda ya samu mafaka zuwa gida ya zama matsala, ko da rasuwa aka yi. Ka yi wannan lissafin da kyau.

Yanzu dai ka fara ɗaukar sikirinshot na duk saƙon barazana da kwanan wata da lambar da ta turo, kafin ka roƙi yarinyar ta sauke hoton. Ka ga lauyan shige da fice mai rajista kafin bizar ta mutu, ka tambaye shi ko bizar masu kammala digiri zata baka lokaci.

In kuma ka zaɓi dawowa, ka tanadi lambar lauya tun kafin ka taso. Aka gayyace ka caji ofis ko ofishin Hisbah kar kaje kai kaɗai, kar ka sa hannu a takarda, sashe na 35 na tsarin mulki ya baka damar yin shiru har lauyanka ya iso.