"Su wa sunka zo?" kuskure ne?

Tambaya: Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Talata Mafara. Ɗalibaina suna rubuta "Su wa sunka zo?", wani abokin aikina kuma ya ce gurɓatacciyar Hausa ce, in sa su riƙa rubuta "sun". Ina tsoron kada su faɗi jarrabawar NECO. Me zan yi?

Amsa: Malama, kada ki bi wannan shawara, domin za ta haifar da "Su wa sun zo?", jumlar da ba Bakano ba Bazamfare ba wanda zai furta. Kalmomin tambaya irin su wa, me, ina da yaushe suna zuwa farkon jumla ne a matsayin abin da aka ƙarfafa, ƙarfafawa kuwa tana jawo shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wato "suka" a maimakon "sun". Muna cewa "Sun sayi gero", amma "Me suka saya?", amsa kuma ta bi sawu: "Gero ne suka saya". Tambayar da amsarta i ko a'a ce ba ta da wannan larura, shi ya sa "Shin sun zo?" ta zauna daidai.

Abin da ya ishe ni shi ne wannan jita-jita, wadda nake ji kullum daga bakin masu riƙe da alli, cewa karin Zamfara da Kabi da Sakkwato lalatacciyar Hausa ce. Yaron da ya ce "sunka", "munka" ko "anka" ya bi ƙa'idar ƙarfafawa tsaf, haka ma wanda ya ce "Wa yaz zo?" ko "Mi tac ce?". Hasali ma kunnensa ya fi rubutunmu tsantseni, tunda boko yana rubuta "Ya zo" da "Wa ya zo?" da "ya" iri ɗaya, alhali wasalin na farko dogo ne, na biyu gajere. Sai ga malamin da bai taɓa lura da wannan ba yana ɗaga wa yaro bulala, yana kiran harshen kakanninsa ƙauyanci!

Jarrabawa dai daidaitacciyar Hausa take nema, saboda haka ki koya musu musanya "sunka" da "suka". Tarkon da ya kamata ki sa wa ido shi ne, a bakinsu "Mi suka yi?" tana nufin "Me suke yi?", wato aikin bai ƙare ba. Ki rubuta jumlolin biyu a allo gefe da gefe, su riƙa juya kowace zuwa ɗayar.