Tambaya da Amsa: Faifai Biyu ko SSD Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da faifan HDD (faifan ajiyar bayanai mai juyawa) guda biyu a kwamfutar da nake buga gem. Abokina ya ce in haɗa su RAID 0, za su yi gudu kamar SSD (ma'ajiyar bayanai da ba ta juyawa). Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. RAID 0 yana raba bayanai tsakanin faifan biyu, su yi aiki lokaci guda. Idan kowanne yana karanta kusan MB 150 a daƙiƙa, haɗin zai kai wajen 300 a kan babban fayil. To amma gem ƙananan fayiloli barkatai yake jawowa, kuma dole allurar faifai ta zagaya ta nemo kowanne. A nan ake ɓata lokacin, haɗa biyu bai rage wannan jiran ba. SSD ba shi da allura. Nau'in SSD da ake kira SATA ma yana kaiwa kusan MB 550 a daƙiƙa, nau'in NVMe kuwa dubbai. Shi ya sa wasan Starfield da ya fito a 2023 ya shardanta SSD.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗarin. In faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi, har abin da ke kan lafiyayyen. Na taɓa yin irin wannan haɗin, aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, na rasa hotunan bikin ƙanwata. Har yau abin yana ci mini rai.

Ka sayi SSD ko da na GB 500 ne, ka ɗora Windows da wasannin da ka fi bugawa. Faifan biyun ka bar su daban-daban, ɗaya ajiya, ɗaya kwafi.