Karatu ta intanet bayan tashi daga aiki: wace takarda ce za ta amfane ka?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a rumbun ajiyar kaya na wani kamfani a Riyad ya aiko da tambaya. Yana da takardar difloma daga gida, ya yi kwasa-kwasai da dama ta waya, takardun shaida sun taru, amma albashinsa yana nan yadda yake. Ga gajiya, ga mahaifiya da ƙanne suna jiran aike duk wata. Ya ci gaba ne, ko ya haƙura?

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar iyaye. Kada ka haƙura, amma ka dakata da biyan kuɗin wani sabon kwas sai ka san aikin da kake nufi. Buɗe tallan aikin da kake so a Saudiyya, ka karanta abin da suke nema, sannan ka koma neman kwas ɗin. Mutanenmu da yawa suna fara da kwas, daga baya su zo suna neman wanda zai duba takardar.

Takardar shafukan koyon kwas ta intanet irin su Coursera ko edX ko Alison ba digiri ba ce. Shaida ce cewa ka zauna ka koyi abu, kuma amfaninta yana ga abin da za ka iya yi a gaban shugabanka. In ka koyi Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, har ka fara tsara masa lissafin kayan da suka shigo da waɗanda suka fita ba tare da kuskure ba, wannan ya fi takardu goma da ke kwance a waya. Coursera na da tallafi ga marasa hali: ana cike buƙata, a jira amsa, in an amince sai a sauƙaƙa maka kuɗin kwas ɗin da takardarsa. Ka gwada wannan kafin ka taɓa kuɗin gida.

Tunda a rumbun kaya kake, akwai hanya kusa da kai, wato aikin kula da lafiya da kariyar ma'aikata. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ana yawan neman takardar NEBOSH, wata hukuma ce ta Ingila, kuma tun 2020 ana rubuta jarrabawarta ta intanet. Tana da tsada, Turancinta kuma ba na wasa ba ne. Sai dai takarda ce da masu ɗaukar aiki suka san sunanta. Kafin ka ba kowa ko riyal ɗaya, ka duba sunan makarantar a jerin waɗanda hukumar ta amince da su a shafinta. Duk wanda ya ce zai kawo maka takardar ba jarrabawa, ɗan damfara ne, kuma takardar bogi a Saudiyya na iya kai mutum gidan yari da kora.

Sai batun iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, wanda nan ne ake yawan tuntuɓe. Sana'ar da aka rubuta a jikinta ita ce doka ta san ka da ita. Wasu sana'o'in an ware wa 'yan ƙasa, wasu kuma, kamar injiniyanci, sai an yi rajista da majalisar injiniyoyin ƙasar. Gyaran dokar ƙwadago na watan Maris 2021 ya ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki ta Qiwa, dandalin intanet na ma'aikatar ƙwadago, bayan ya cika shekara, amma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba. Ka tambayi ofishin ma'aikatan kamfaninku ko za su iya canza maka sana'a idan ka samu takardar. In kuma niyyarka ta komawa Najeriya ce da digirin waje, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ke tantance shi, don haka ka bincika matsayin jami'ar tun kafin ka shiga.

Game da gajiya, gaskiya ce, mai ɗaukar kaya yini guda ba zai iya karatun tsakar dare ba. Karatun rabin sa'a bayan sallar asuba, kafin motar kamfani ta zo, ya fi sa'a uku kana gyangyaɗi. Sauke darussan a waya inda akwai intanet na kyauta, ka saurara a mota. Kwas ɗaya kawai, har ka gama. Larabcin ofis ma ka sa shi a lissafi, domin na kasuwa da muke tsinta ba ya isa rubuta rahoto.

Mahaifiya kuwa kada ka ɓoye mata. Kira ta, ka ce: "Umma, zan rage aike na wata kaza saboda jarrabawa, daga nan zan mayar." Faɗi adadin da lokacin, ka kuma cika alkawari. Kuɗin abinci da magani kada ka taɓa su. Abin da za a rage shi ne gudummawar biki da hidindimun da za su iya jira. Ka nemi addu'arta, ka turo mana tallan aikin da ka zaɓa mu duba tare.