Amsar tambayarka kan koton burodi

Ɗana, saƙonka ya iso. Gida kowa lafiya, Innarka na gaishe ka. Ka ce ka ga Turawan Ingila a waya suna kwaɓa burodi su sa a ƙugiya, su kama kifi su mayar da shi ruwa, kana tambaya ko al'adarmu ta san wannan, kuma ko ba wulaƙanta abinci ba ne.

Kwaɓa koto tsohon abu ne a wurinmu. Tun burodi bai shigo ƙauye ba iyayenmu ke yin sa da tuwo da dusar gero. Amma akwai ƙa'ida: abin da mutum zai iya ci ba a kai shi bakin ruwa. Tuwon da ya kwana na ɗumame ne, na yara ne. Sai wanda ya yi tsami, ya wuce ɗumame, shi ake ba mai fatsa. To haka burodi. Ka saya sabo mai laushi ka yayyaga wa kifi alhali maƙwabcinka bai karya kumallo ba, wannan almubazzaranci ne, ni ma zan yi maka faɗa. Amma wanda ya bushe a teburin mai shayi, ba mai saye, ka karɓa ka nemo cefane da shi, ba wanda zai ce maka uffan.

Yadda za ka yi shi: ka ɓare ɓawon, ka ɗauki tsakiyar kawai. Ka sa a tsumma mai tsabta, ka tsoma a ruwa sau ɗaya, ka matse sosai. Sannan ka yi ta murzawa a tafin hannu har ya yi danƙo, ya daina manne maka a yatsa. In ya yi ruwa ka barbaɗa garin rogo. Ni nakan daka ƙuli-ƙuli in zuba, don ƙamshin gyaɗa na tafiya cikin ruwa, wasu kuma daddawa suke sawa. Turawan da ka gani sukan haɗa nasu da cuku, dalilin dai ɗaya ne. Ka gutsuri kamar ƙwayar wake, ka lulluɓe ƙugiyar, ka bar tsinin ya ɗan leƙo. Kafin ka kai bakin tabki ka jefa ɗan curi a kwanon ruwa ka gani. In ya watse nan take, bai murzu ba, ƙananan kifi za su cinye shi kafin ya nutse.

Karfasa da kawara su ke son wannan koton. Tarwaɗa takan taɓa in yunwa ta kama ta, amma ita ta fi son tana, ko gara, ko hanjin kaza. In ka zauna wuri ɗaya, ka jiƙa dusa ka watsa kaɗan don kifi ya taru. Kaɗan na ce. In ka ƙosar da su ba za su kalli ƙugiyarka ba.

Mayar da kifi kuwa, Turawan don nishaɗi suke kamawa, mu don miya da kuɗin makaranta. Amma mu ma ba komai muke ɗauka ba. Ɗan mitsitsi da mai ƙwai, masunci na gaske yakan sake su. Kuma ka sani su ma can Ingila dokarsu ta hana kamun yawancin kifin koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni don kifi ya hayayyafa.

Nan ne nake so ka buɗe kunne, domin al'adar da ta fi koto nauyi ita ce ta ruwan kansa. Ruwa yana da mai shi. Kogi mai gudana kowa na iya jefa fatsa, amma tabkin da ambaliya ta bari bayan damina, in Sarkin ruwa ya rufe shi, ya rufu. Ko fatsar yara ba ta shiga sai ranar su, ranar da za a yi shela kowa ya fito da homarsa da gorarsa, a shiga tare, gidan marayu ma a kai musu rabo. Mai zuwa da dare ya jefa ƙugiya a rufaffen tabki, gari ya yi wa sata.

Kuma yanzu abin ya fi da muhimmanci. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Hadeja ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Guri da Kirikasamma. Kifin da ya rage ba zai jure wa raga mai ƙananan idanu ba, balle masu zuba maganin ƙwari a ruwan da mutane da shanu ke sha. Wannan kam ko kusa da masu yin sa kada in gan ka.

In kun samu hutu ka taho da ƙananan ƙugiyoyi daga Kano, na nan sun yi wa karfasa girma. Da ka sauka sai mu fara zuwa gaida Sarkin ruwa, ya gaya mana wuraren da ke buɗe a bana.

Baffanka